Filin Tambaya da Amsa: Yi Wa Zancen Wani Iso Kafin Ya Shiga Rubutunka

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a wata babbar makaranta a nan Zariya, kuma ina rubuta kundin kammala karatu a kan sana'ar ɗinkin hannu a cikin birni. Na kai wa malamin da ke duba aikina babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, sai ya dawo mini da shi ya cika gefen shafuka da jan biro. Kusan duk inda na kawo maganar wani marubuci, sai in tarar ya rubuta, "Wa ya shigo da wannan, kuma me ya zo yi?" Alhali kuwa na sa alamar zancen wani, na rubuta suna da shekara da shafi kamar yadda aka koya mana. Ina laifina yake? *Ɗaliba, Samaru.*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kika yi na sa alamar zance da ambaton suna da shekara da shafi daidai ne, kuma shi ne ya kuɓutar da ke daga zargin satar fasaha, wanda ya fi kowane gyaran jan biro muni. Sai dai malaminki wani abu dabam yake nema. Kin san a gidajenmu baƙo, komai girmansa, ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye. Yana tsayawa a zaure har a yi masa iso, a ce wane ne, daga ina yake, kuma da me ya zo. Zancen da kika ɗauko daga littafin wani baƙo ne a cikin kundinki, ke ce mai gida, kuma abin da malaminki ya gani shi ne baƙi zaune a tsakar gida ba wanda ya yi musu iso.

Bari in ƙaga misali daga fannin da kike bincike a kai, in sa Wane a madadin sunan marubuci. Ɗalibai da yawa haka suke rubutawa:

Sana'ar ɗinkin hannu tsohuwa ce a birnin Zariya. "Keken ɗinki bai kashe aikin allura ba, sai dai ya sauya masu sayensa" (Wane, shekara, shafi). Ana koyon sana'ar tun daga ƙuruciya.

Babu ƙarya a cikin waɗannan jumloli uku, amma babu igiyar da ta ɗaure su. Mai karatu bai san ko kin yarda da Wane ba, bai san dalilin da ya sa maganar keke ta biyo bayan maganar tsufan sana'a ba, kuma da ya gama karanta zancen sai kika wuce kamar ba a faɗi komai ba. Dubi yadda wurin zai kasance idan aka yi wa maganar iso:

Ba duk manazarta ne suka yarda cewa shigowar keken ɗinki ta durƙusar da aikin hannu ba. Wane (shekara), wanda ya tattauna da maɗinka a cikin birni, yana ganin cewa keken "bai kashe aikin allura ba, sai dai ya sauya masu sayensa" (shafi kaza). Idan haka ne, abin da ya kamata wannan bincike ya bibiya shi ne su wane ne ke sayen rigar aikin hannu a yau, maimakon ƙirga maɗinkan da suka rage kaɗai.

Jumlar farko ta share fage, ta biyu ta faɗi mai magana da abin da ya ba shi damar yin ta, ta uku kuma ta nuna amfanin da kika yi da ita. Ta ukun nan ita ce ɗalibai suka fi mantawa, kuma ita ce malamai suka fi nema, domin a nan ne kaɗai ake jin muryar mai kundi. Idan kika ɗauko zance kika rasa abin da za ki ce bayansa, ki tuhumi kanki, domin mai yiwuwa ne kin kawo shi don cika shafi.

Wannan ladabi ba Turawa ne suka fara kawo mana shi ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji yadda ake karanta littattafan magabata: marubuci zai ce wane ya faɗa a littafi kaza, ya kawo maganar, sa'annan ya rufe ta da "intaha", wato maganarsa ta ƙare a nan, idan kuma zai sa bakinsa sai ya ce "ƙultu", wato "na ce". Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na Larabci cike suke da wannan tsari, har mai karatu ba ya ruɗewa tsakanin maganar Shehu da ta malaman da ya naƙalto. Malaman hadisi kuwa sun kai abin matuƙa da ilimin isnadi, wato jerin mutanen da aka ruwaito magana ta hannunsu. A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira, cewa isnadi yana daga cikin addini, kuma ba don isnadi ba da duk wanda ya ga dama ya faɗi abin da ya ga dama. Alamar zancen wani da baka biyu da muke amfani da su a boko aikin "ƙala" (wato "ya ce") da "intaha" suke yi, jumlar da ke biyo bayan zance kuma ita ce "ƙultu" ɗinki.

Ta fuskar ginin jumla, hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce a kawo sunan marubuci da aikatau na faɗa, a sa waƙafi, sa'annan a buɗe alamar zance: Wane ya ce, "..." Akwai kuma inda za ki rubuta cikakkiyar jumla taki wadda ta tsaya da ƙafarta, ki sa ruwa biyu, zancen ya biyo baya a matsayin shaida. Wadda na fi so, kuma wadda na yi amfani da ita a misalin da ya gabata, ita ce a saƙa 'yan kalmomin marubucin a cikin jumlarki ba tare da waƙafi ko ruwa biyu ba, domin tana tilasta miki ki zaɓi kalmomin da suke da nauyi ki bar sauran. Amma tana da tarko a Hausa, kuma tarkon yana cikin kalmar "cewa". Idan kika rubuta "cewa", kin shiga ba da labarin magana ke nan, don haka wakilin suna dole ya juya. Ba daidai ba ne a rubuta: Wane ya bayyana cewa "na tarar da maɗinka a zaure", domin mai karatu zai yi tuntuɓe yana tambayar wane ne ya tarar, ke ko Wane. Ko dai ki cire "cewa" ki sa waƙafi ki bar maganar yadda mai ita ya yi ta, ko kuwa ki ce ya bayyana cewa ya tarar da maɗinka a zaure, ba tare da alamar zance ba, amma da suna da shekara.

Sai zaɓen aikatau, wanda nake so ki ba shi lokaci, domin a nan ne ake gane ɗalibin da ya karanta abin da ya ɗauko da wanda ya kwafa kawai. "Ya ce" da "a cewar" da "in ji" ba su ɗauke da hukunci. "Yana ganin" da "a ra'ayin" suna nuna cewa fahimta ce da ake iya saɓa mata. "Ya tabbatar da" kuwa babbar kalma ce: idan kika rubuta ta, kin sa hannu ke nan cewa marubucin ya kawo hujjar da ta gamsar da ke, kuma ranar kare kundi ana iya tambayarki wace hujja ce. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta cewa Wane ya tabbatar da abu, a shafi na gaba kuma wani ya tabbatar da kishiyarsa, shi kuwa ɗalibin bai lura ya yarda da abubuwa biyu masu karo da juna ba. "Ya yi iƙirarin" tana nuna kin ja baya kaɗan daga maganar, "ya amsa cewa" tana nuna marubucin ya yarda da wani abu da bai yi wa ra'ayinsa daɗi ba. Ita kuwa "wai", ki nisance ta a kundi, sai fa idan da gangan kike son nuna shakka, domin Bahaushe na jin ta ya san an ɗora wa maganar alamar tambaya. Malaman hadisi ma sun bambanta sigar yankewa, irin su "ya ce", da sigar raunanawa, irin su "an ce" da "an ruwaito", saboda sun san aikatau shi kaɗai yana iya ɗaga magana ko ya kayar da ita.

Akwai wata cuta da ta fi kama babi na biyu, wato jerin gwano: Wane ya ce kaza, shi kuwa Wane ya ce kaza, haka kuma Wane ya ce kaza, sakin layi bayan sakin layi har shafi goma. Kowane baƙo an faɗi sunansa, amma ba a haɗa shi da na kusa da shi ba. Maganinta shi ne ki tsara babin bisa batutuwa maimakon bisa marubuta, ki haɗa waɗanda suka yi tarayya a ra'ayi wuri guda, ki nuna inda suka rabu, ki faɗi wanda hujjarsa ta fi ƙarfi a wurinki da dalilinki. Idan kika yi haka za ki ga yawancin maganganun ba su bukatar a kawo su kalma da kalma. Taƙaitawa da kalmominki, tare da ambaton mai su, ta wadatar. A ajiye naƙalin kai tsaye don ma'anar da aka bayar ta wata kalma, ko maganar da za ki yi jayayya da lafazinta, ko wadda aka faɗa ta hanyar da sauya ta zai rage mata ƙarfi.

Wani abu kuma da ke damun ɗalibanmu, saboda tarbiyyar da aka yi musu, shi ne kiran sunan babban malami gatsau. Sai ka ga an rubuta Shehin Malami Farfesa Wane, Allah ya ƙara masa lafiya, a tsakiyar bitar ayyuka. Niyyar mai kyau ce, amma ƙa'idar rubutun ilimi suna ɗaya take so tare da shekara, kuma babu malamin da ya san aikinsa da zai ɗauki wannan a matsayin raini. Wurin girmamawa da addu'a shi ne shafin godiya. Ki dai tabbata sunan da kika sa a cikin rubutu shi ne wanda ya fara zuwa a jerin manazarta, musamman da yake marubutanmu da yawa suna rufe sunansu da sunan gari ko unguwa, kuma mutum biyu ko uku na iya yin tarayya a suna ɗaya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yaushe ne ake ware zancen da aka ɗauko a ba shi wurinsa dabam a shafi? Kuma idan na tarar da kuskuren rubutu a cikinsa, ko ya yi mini tsawo, ina da damar gyarawa ko ragewa? *Ɗalibin digiri na biyu, Kongo.*

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Amsar kashin farko tana ga tsarin da sashenku ya zaɓa, don haka ka fara neman littafin jagoran rubuta kundi na makarantarku. A tsarin APA (ƙa'idar ambaton manazarta ta ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka), wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, zancen da ya kai kalma 40 ko ya wuce ana sauko da shi sabon layi, a tura shi ciki da rabin inci daga hagu, a cire masa alamar zance, sa'annan baka biyu mai ɗauke da shafi ta zo bayan aya. A tsarin MLA (na ƙungiyar masana harshe da adabi ta Amurka), wanda bugunsa na 9 ya fito a 2021, layi ake ƙirgawa: zube idan ya wuce layi 4, waƙa idan ta wuce ɗango 3. Ware zance bai ɗauke masa bukatar iso ba. Hasali ma dogon zance ya fi gajere bukatar cikakkiyar jumla a gabansa, mai ƙarewa da ruwa biyu, da sharhi a bayansa wanda ya yi daidai da tsawonsa. Wanda ya kawo rabin shafi na maganar wani ya bi shi da layi ɗaya nasa, ya bar wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi.

Ragewa halal ce da sharaɗi. Inda ka cire kalmomi daga tsakiyar zance sai ka sa alamar zarce, wato ɗigo uku, inda kuma ka ƙara kalma don ma'ana ta fito, kamar bayyana wanda "shi" ko "su" ke nufi, sai ka sa ta cikin baka biyu mai kusurwa don a san taka ce. Sharaɗin shi ne kada yankan ya juya manufar mai magana. Marubuci na iya yabon abu a farkon jumla, ya sa "amma", ya rushe yabon a ƙarshenta. Wanda ya yanke daga "amma" ya ɗora masa abin da bai faɗa ba, ko da kuwa kowace kalma tasa ce. Wannan a wurina ya fi manta lambar shafi laifi nesa ba kusa ba. Haka kuma idan ka karkata wasu kalmomi ko ka ƙara musu kauri don jan hankali, dole ka faɗa cewa kai ne ka yi.

Gyaran rubutu kuwa, kada ka taɓa. Idan kuskure ne na ainihi, ka bar shi yadda yake ka bi shi da kalmar Latin ɗin nan sic a cikin baka biyu mai kusurwa, ko ka rubuta "haka yake", kamar yadda masu tahƙiƙin littattafan Larabci ke rubuta "kaza". Amma ka bambanta kuskure da tsohuwar ƙa'ida. Wanda ya ɗauko zance daga tsofaffin littattafan boko, ko daga fitowar farko-farko ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, zai iya tarar da irin su "ya ke" da "su ke" a rabe, a rubutun Turawan farko kuma zai ga "ch" inda muke sa "c" a yau. Waɗannan ba kurakurai ba ne, kuma cika zance da "haka yake" a kansu rashin ladabi ne ga magabata; bayani guda a farkon aiki cewa an bar rubutun yadda aka same shi ya isa. Haka abin yake ga karin harshe. Idan Basakkwace ko Bakatsine ya yi magana ko ya yi waƙa, ba aikinka ba ne ka mayar da ita daidaitacciyar Hausa a cikin alamar zance, domin wani lokaci amsa-amon waƙar ma a kan wannan karin ya dogara.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina karatun ƙaro ilimi ne bayan shekaru ina koyarwa. Sau da yawa nakan ga magana mai kyau a littafin wani, shi kuma ya ɗauko ta ne daga wani littafin da ban taɓa gani ba. Wa zan ambata? Sa'annan yawancin abin da nake karantawa da Turanci ko Larabci yake, alhali da Hausa nake rubutu. *Malamin sakandare, Tudun Wada.*

Amsa: Malam, Allah ya taimaka. Ka ambaci duka biyun, kuma ka nuna ta hannun wa maganar ta iso gare ka: Wane ya ce kaza, kamar yadda Wane ya naƙalto. A jerin manazarta kuwa, bisa tsarin APA, littafin da ka riƙe da hannunka shi kaɗai za ka sa. Tsallake na tsakiya don a ɗauka ka karanta asali shi ne irin abin da malaman hadisi ke kira tadlisi, kuma yana da haɗari ko ta fuskar amfanin kanka, domin idan na tsakiyan ya yi kuskure wajen kwafa ko ya yanke maganar inda bai dace ba, kai za a kama da shi. Mafi alheri dai a nemi asalin, kuma mazaunin Zariya ba shi da uzuri mai yawa a nan: ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna ga mai neman tsofaffin takardu.

Batun fassara ya fi wannan sarƙaƙiya, domin da zarar ka juya maganar mutum zuwa Hausa, kalmomin sun zama naka, ma'anar ce tasa. Saboda haka ne tsarin APA yake ɗaukar fassarar da mai bincike ya yi da kansa a matsayin sake faɗar magana, wadda ba a sa wa alamar zance, ko da yake ana ambaton suna da shekara, kuma yana da kyau a ƙara da shafi. A kundayen da ake rubutawa da Hausa kuma za ka ga an kawo matanin asali, a bi shi da fassara, a rubuta cewa fassarar mai bincike ce. Ni na fi karkata ga wannan a duk inda lafazi yake da muhimmanci, kamar ma'anar kalma ko nassin doka ko baitin waƙa, saboda mai duba aikin ya iya auna fassarar da idonsa. Idan kuwa fassarar wani ka ɗauka, shi ma mai fassarar yana da haƙƙin a ambace shi. Ayar Alƙur'ani ana nuna ta da sura da lambar aya, kuma idan ka kawo ma'anarta da Hausa sai ka faɗi tarjamar da ka dogara da ita. Hadisi kuma a faɗi littafin da ya fitar da shi da lambarsa ko babinsa. Tun kana ɗakin karatu ka riƙa rubuta lambar shafi a gefen duk abin da ka kwafa, ka kuma sa wata alama da za ta raba abin da ka kwafa kalma da kalma da abin da ka taƙaita da bakinka, domin bayan wata uku, lokacin da za ka zauna haɗa babin, ba za ka iya tuna wanne ne wanne ba.